Kiɗan kwamfuta ko kiɗan hannu: abin da ya kamata mai situdiyon gida a Kano ya sani

Yawancin waƙoƙin da ake fitarwa a Kano yanzu, na soyayya ne ko na biki ko na siyasa, ana gama kiɗansu ba tare da sanda ta taɓa fata ba. Abin ya samo asali ne tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha jerin PSR ya zama uwa da makarɓiya a situdiyoyin waƙoƙin fim, sannan kwamfuta ta zo da manhajojin haɗa kiɗa irin su Cubase da FL Studio ta karɓi ragamar. Aikin da a da sai an je Titin Gidan Zoo, yau yaro yana yin sa a shagonsa da laftof da saun kad (akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) da makirufo ɗaya. Shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa: wasu na cewa kiɗan na'ura ya kashe kiɗan Hausa, wasu na cewa kiran makaɗi ɓata kuɗi ne da ɓata lokaci. Kowane ɓangare yana da gaskiya rabi. A ɗakin gida, akwai aikin da kwamfuta ta fi hannu iyawa nesa ba kusa ba, akwai kuma wanda ba za ta taɓa yi kamar hannu ba, kuma gwanintar mai haɗa kiɗa ita ce ya san iyakar kowanne.

Da farko a rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai kiɗan da aka tsara bugu-bugu, inda mutum yake ajiye kowane bugu a gidansa a kan allo ko ya buga shi a fiyano. Abin da kwamfuta ke riƙewa a nan umarni ne kawai ta hanyar MIDI, tsarin da ya fito a 1983: wane sauti, yaushe, da wane ƙarfi. Ana iya canza komai daga baya. Akwai lup, wato yankin kiɗa da wani ya riga ya ɗauka, a yanka shi yadda zai riƙa zagayowa. Shi sauti ne da ya riga ya daskare, da saurinsa da ɗakinsa da hannun wanda ya kaɗa shi. Sai na uku, makaɗi ya zauna gaban makirufo ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe. Matsalolinsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma haka.

Kiɗan da aka tsara ya fi ƙarfi a ƙasan sauti. Kik (bugun babbar ganga) da bes (sauti mai kauri na ƙasa) da aka ɗauko daga samfur mai kyau, wato sautin da aka riga aka ɗauka aka adana, sun riga sun tsira daga sharrin ɗakinka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗakin da aka fi samu a gidajen Kano ƙafa 12 ne a kan 12, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, bangon siminti, ƙasa tayil. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ya ɗan fi haka a zafin bazara. Idan aka raba wannan da ninkin faɗin ɗakin, za a ga ɗakin yana kumbura sautin da ke wajen 48 Hz (wato girgiza 48 a daƙiƙa), da 96, da 144. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ya ninku a wuri guda. Sakamakon shi ne babbar ganga ta yi ta gurnani a lungu, a tsakiyar ɗaki kuma ta rame kamar ba a buga ba. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan, siririn soso ma saman sauti kawai yake sha, ya bar ɗakin a dushe amma gurnanin na nan. Don haka duk mai tunanin ɗaukar cikakken saitin gangunan Turawa a irin wannan ɗaki, da makirufo biyar ko takwas, gara ya haƙura. Saun kad ɗin da yawancin mutane ke da shi ma ƙofa biyu gare shi.

Inda kiɗan tsarawa ke faɗuwa wuri uku ne, kuma dukkansu ana iya rage su.

Na farko shi ne awon gidaje. Allon tsara bugu na FL Studio yana buɗewa ne da gidaje 16, huɗu a kowane bugu. Kiɗanmu da yawa kuwa, na kalangu da na ƙwarya da na bandiri, a kan uku-uku yake tafiya, abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8. A saurin 100 BPM, wato bugu 100 a minti, kowane bugu milisakan 600 ne. Raba shi huɗu, kowane gida 150. Raba shi uku, 200. Wanda ya ji kiɗa a kansa mai tafiyar uku ya zo ya cusa shi a gidajen huɗu, zai yi ta jin wani abu ya karkace bai san mene ne ba, ya yi ta canza samfur alhali ba laifin samfur ba ne. A mayar da awon zuwa kashi uku na bugu tun kafin a ajiye ko da bugu ɗaya. Maɓallin suwin, mai jinkirta kowane gida na biyu, yana kusantar da abin, domin idan aka ɗaga shi sosai ya zama uku-uku, amma ba ya ba ka gidan tsakiya, kuma a gidan tsakiyar nan ne ake yin wasan biyu a kan uku da ke sa kafaɗa motsi.

Na biyu ƙarfin bugu. MIDI yana ba da mataki daga 1 zuwa 127, amma sau da yawa za ka buɗe aikin mutum ka tarar duk bugun a 100 suke, reras. Babu makaɗin da yake kaɗawa haka. A kiɗan uku-uku, a gwada 105 a na farko, 70 a na biyu, 85 a na uku, sannan a saurara a gyara da kunne. Wannan kaɗai yana raya kacau-kacau da hayihat (faifan ƙarfe biyu na saitin gangunan Turawa). Akwai kuma matsalar samfur ɗaya tilo: idan aka buga sauti guda sau shida a jere da sauri, kunne yana gane cewa abu ɗaya ne ake maimaitawa, sai ya yi ƙarar injin. Maganinsa a samu samfur huɗu zuwa shida na bugu iri ɗaya, a sa manhajar ta riƙa juya su bi da bi.

Na uku shi ne kwantayiz, wato jan kowane bugu ya hau kan layinsa daidai. Idan ka buga da hannu a fiyano, kada ka ja shi ɗari bisa ɗari. A bar shi tsakanin kashi 50 da 70, bugun zai gyaru amma hannunka bai ɓace ba. Akwai maɓallin da ke warwatsa bugu kaɗan-kaɗan da sunan sa shi ya yi kama da na mutum, kuma a ganina ana yawan dogaro da shi fiye da kima. Makaɗi ba ya kauce wa layi da ka. Kaucewarsa tana da tsari: wani bugun kullum yana ɗan jinkirta shi, wani kullum yana ɗan riga shi, kuma haka zai yi a kowane zagaye. Abin da ya fi shi ne a zaɓi kaya ɗaya, misali tafi ko sineya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti ta saitin Turawa), a ja shi baya da milisakan 5 zuwa 15 a duk waƙar. Idan ya haura 25 zuwa 30, kunne zai fara jin bugu biyu maimakon ɗaya.

Shi lup sauƙinsa ne ke ruɗar mutane. Yana zuwa da motsin hannun mutum a ciki, wanda ya fi tsarawa rai, amma ba ya jin waƙarka. Mawaƙi zai kai ƙarshen baiti, 'yan amshi su karɓa, lup yana nan yana abin da yake yi tun farko. Idan aka ja saurinsa fiye da kusan kashi goma cikin ɗari, bakin bugun yana narkewa, sai ka ji wani kurɓa-kurɓa a bayansa, musamman a kacau-kacau. Idan tazarar ta yi yawa, gara a yanyanka shi bugu-bugu a sake jerawa. Ganga kuma tana da murya, don haka lup na iya yin karo da makullin waƙa, sai a ɗaga shi ko a sauke shi da rabin mataki ko ɗaya. Sannan ga batun haƙƙi. Lup ɗin da aka saya ko aka sauke kyauta ba naka ba ne kai kaɗai, wasu ɗaruruwa suna da shi. Tsarin Content ID na YouTube, mai gano sautin da wani ya yi wa rajista, yana buƙatar mai rajista ya mallaki abin shi kaɗai, amma ana samun wanda zai yi rajistar waƙar da ke ɗauke da lup ɗin, sai ƙorafi ya faɗo kan taka. A ajiye takardar lasisin kowane kunshi da aka saya. Yanko kiɗa daga tsohon faifan wani makaɗi kuwa magana ce daban, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare sautin da aka ɗauka, ko mai shi yana raye ko magadansa ne.

Yanzu ga inda hannu ba shi da na biyu. Kalangu ba ganga ba ce mai murya ɗaya. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, kuma yana iya yin haka bayan sanda ta riga ta bugi fata, sautin ya zame daga sama zuwa ƙasa. Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, ga dogon wasali da gajere, kuma waɗannan ne kalangu ke kwaikwayo har ya faɗi take ko kirarin da mai shi zai gane daga nesa. Samfurin kalangu da ke cikin fiyano ko kwamfuta hoton bugu ɗaya ne. Idan aka ɗaga shi a kan makullai, ana gaggauta sautin ne gaba ɗaya, har da ƙarar sanda da amon ice, shi ya sa na sama yake fitowa siriri kamar na wasan yara. Ana iya lanƙwasa shi da wilin fiyano mai ɗaga murya da sauke ta, kuma gwanaye suna kusantowa, amma duk wanda ya tashi yana jin kalangu a wajen mahauta ko a filin dambe zai gane cikin daƙiƙa biyu. Abu na biyu shi ne amsawa. Makaɗi yana jin kalmar mawaƙi ya mayar masa da ita, ya yi shiru inda baiti ke buƙatar sarari, ya zuga inda aka ambaci gwani. Wannan ba a tsara shi a gidaje 12 ko 16.

Haka bandiri. Sha'iran da ke ɗaukar ƙasidu a situdiyo sun san bambancin bandirin fiyano da na mutum uku ko huɗu da suka saba zama tare, irin yadda ake ji a majalisin Ƙadiriyya. Kaurin sautin yana fitowa ne daga ɗan saɓanin da ke tsakanin hannuwansu. Kwafe layi ɗaya sau huɗu ba ya ba da wannan, ƙara kawai yake ƙarawa. Idan mutum ɗaya ne a hannu, ya kaɗa sau uku daban-daban, da bandiri biyu masu girma daban in da hali.

Abin farin ciki, ganga ɗaya ta hannu ba ta fi ƙarfin ɗakin gida ba. Makirufo mai ƙarfin jiki irin Shure SM57 ya fi makirufon kwandensa da ake ɗaukar murya da shi dacewa, domin kwandensa yana kwaso komai: amsa-kuwwar bango, janareton maƙwabta, hon ɗin adaidaita sahu. A ajiye shi santimita 20 zuwa 30 daga fatar da ake bugu, a ɗan karkace, yana kallon tsakanin tsakiya da baki. Kusa da haka ba ya yi wa kalangu kyau, saboda kalangu yana motsi a hammata, sautin zai riƙa zuwa yana komawa, ga kukan tsarkiya zai yi yawa. Kukan nan kaɗan daga cikinsa ado ne, kada a goge shi duka. Makaɗi ya zauna aƙalla mita ɗaya daga bango, ba a tsakiyar ɗaki cif ba, ba kuma a lungu ba. A shimfiɗa kafet mai kauri a ƙasa, a jingine katifa a bayansa, a rataya bargo a bangon da ke gefe. A gwada da tafi ɗaya mai ƙarfi: idan aka ji wani zirrr yana bin bayansa, bangon biyu masu kallon juna ne ke jifan juna da sauti, sai a rufe ɗaya daga cikinsu.

Wajen ƙarfin shiga, a ɗauka a 24 bit, a sa makaɗi ya buga mafi ƙarfin da zai yi, a daidaita yadda ƙololuwa ba za ta wuce -10 zuwa -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti ba. A bar sarari sosai, domin makaɗi idan waƙa ta shige shi sai ya fi yadda ya gwada ƙarfi, kuma sautin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. Masu son makirufo biyu su kula. Idan ɗaya yana fatar gaba ɗaya yana ta baya, lokacin da wannan fatar ta shiga ciki waccan fita take yi, sai sautukan su ci juna ganga ta rame. A juya fuskar ɗaya da maɓallin da ke da alamar Ø, a saurara, a bar wanda ya fi kauri. Tazara ma tana yin irin wannan ɓarna: bambancin santimita 34 tsakanin makirufo biyu milisakan ɗaya ne, kuma yana huda rami a wajen 500 Hz, daidai inda jikin ganga yake. Wanda bai saba ba, makirufo ɗaya ya ishe shi.

Babbar rigimar ranar ɗauka ita ce kilik, wato ƙarar da na'ura ke yi don riƙe lokaci. Makaɗin da ya shekara ashirin yana kiɗan biki bai taɓa bin ƙwas-ƙwas ɗin na'ura ba, shi ake bi. Idan aka cusa masa shi a kunne sai ya daburce, hannunsa ya sandare, a ce bai iya ba alhali ba a ba shi abin da zai kama ba ne. A kashe kilik, a ba shi kik da kacau-kacau da muryar gwaji ta mawaƙi, zai hau kai kamar yana cikin 'yan uwansa. Hedifon ya zama mai rufe kunne don kada sauti ya zubo cikin makirufo, ya kuma zame kunne ɗaya don ya ji gangarsa a iska. A duba jinkirin kwamfuta. Jinkirin ya danganta da girman bafa, wato yankin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi: a 48 kHz, bafa 128 milisakan 2.7 ne, 256 kuma 5.3, amma 1024 ya haura 21, kuma wannan hanya ɗaya ce kawai, shiga da fita ya ninka. Makaɗin da ke jin bugunsa a makare zai yi ta ja da baya ba da saninsa ba. A rage bafa lokacin ɗauka, a yi amfani da direban ASIO, wato manhajar da ke haɗa saun kad ɗin da kwamfuta, ko a kunna maɓallin saurare kai tsaye da ke jikinsa. Idan kuma waƙar irin wadda ke ƙara zafi ce a hankali har ƙarshe, kamar yadda kiɗan gargajiya ya saba, a juya tsarin: a fara ɗaukar makaɗi da mawaƙi ba kilik, sannan a sa kwamfuta ta bi saurinsu. Cubase yana da kayan gano sauri daga sautin da aka ɗauka, ana kuma iya yi da hannu zagaye bayan zagaye.

Yanayin Kano ma yana da ta cewa. Da hunturu fata tana bushewa ta ɗaure, murya ta hau, wani lokaci har ta tsage. Da damina, musamman a Agusta, tana shan laima ta saki, bandiri da ganga su koma luɓus sai an shanya su ko an ɗan gasa. Kalangu ya fi jurewa tunda ɗaurinsa a hammata yake, amma duk da haka a gama ɗaukar waƙa ɗaya a zama ɗaya. Gyaran da aka dawo yi bayan kwana uku ba ya cika haɗuwa da na farko. Dole a kashe fanka da na'urar sanyi lokacin ɗauka, don haka a yi ta gajere-gajere, a riƙa buɗe ƙofa ana shan iska. A tsara lokaci ya kauce wa kiran salla, don girmamawa da kuma lasifikar masallacin unguwa. Idan aka ji wani huuu a ƙasa, wutar 50 Hz ce ke shiga layi, sau da yawa ta cajar laftof ko ƙaramar inbata mara tsabtar wuta. A zare caja a ɗauka da batir.

Tsarin da ya fi ba da sakamako a irin wannan ɗaki shi ne a haɗa su. Kik da bes da kacau-kacau mai riƙe lokaci su fito daga kwamfuta, kalangu ko bandiri ko ƙwarya su fito daga hannu. A ɗauki waƙar cikakkiya sau uku: na farko ya riƙe kiɗan gindi ba ado, na biyu ya amsa wa mawaƙi, na uku a sake shi ya yi abin da ransa ke so. Yawanci a na ukun ake samun abin da zai zama alamar waƙar. Wajen gyara, kada a ja bugunsa zuwa layin kwamfuta gaba ɗaya, don in an yi haka an biya kuɗi ne an sayo lup. A gyara bugun farko na zagaye idan ya kauce sosai, a bar na ciki. Ya fi ma a ja kacau-kacau na kwamfuta ya bi shi. Wajen haɗawa, a yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz daga kalangu don ya bar wa kik wuri, a rage dB biyu ko uku tsakanin 300 da 500 idan yana ƙarar kwali, a ɗan ɗaga wajen 3 zuwa 5 kHz idan bakin sanda ya ɓace. Kwamfuresa, mai danne sautin da ya yi ƙarfi, kada ta kama da sauri, a ba ta milisakan 10 zuwa 30 bakin bugu ya wuce tukuna. A tura na kwamfuta da na hannu cikin amsa-kuwwa guda gajeriya, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, don su ji kamar a ɗaki ɗaya aka yi su. Sannan a saurara a sifikar waya, domin a can yawancin mutane za su ji waƙar, kuma waya ba ta fitar da ƙasan kik mai zurfi irin na na'urar kiɗa ta 808. Sau da yawa kalangun ne ke riƙe kiɗan a waya bayan kik ya ɓace.

Tunda makaɗi ya riga ya zo, mutane da yawa suna roƙonsa ya bar musu bugu ɗaiɗai da zagaye takwas-takwas a sauri daban-daban, misali 90 da 100 da 110 da 120, don su tara nasu lup. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi sauke kayan da aka ɗauka a wata ƙasa da gangar da ba tamu ba. A yanka a inda igiyar sauti ta ratsa sifili, a sa ɗan lausasawa na milisakan 5 zuwa 10 a bakin yanka don kada ya yi ƙas, a rubuta sauri da awo a sunan kowane fayil. Amma a gaya masa gaskiyar abin da za a yi da su. Kuɗin kaɗa waƙa ɗaya daban, kuɗin kayan da za a yi waƙa hamsin da su daban, kuma mutumin da ya gaji sana'ar nan daga mahaifinsa bai kamata a ɗauke hannunsa da kuɗin mota ba. A rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ce, da Hausa, a karanta masa gaban shaida: waƙa nawa, ko za a sayar wa wasu situdiyo, ko za a sa sunansa, da abin da zai samu idan aka yi haka. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.